Gyaran guduma a ƙafar mota: kira ga 'yan uwana direbobi da kanikawan Kano

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu, kuma tun yanzu ina ba da haƙuri domin maganar tawa tana da tsawo. Ni ba ma'abocin rubutu ba ne, direba ne. Shekarata goma sha tara ina jigilar kayan gwari, yawanci daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar Yankaba idan kakar tumatir ta kama, in ta wuce kuma sai in koma ɗaukar buhuna a Dawanau ko duk lodin da Allah Ya kawo. Wannan wasiƙar ma 'yata ce take bugawa a waya ina faɗa mata, shi ya sa in ka ga Hausar ta miƙe to aikinta ne, in ta karkace nawa ne.

Abin da ya zaunar da ni wani ɗan ƙarfe ne da bai fi dunƙulen hannun yaro ba, wanda ke riƙe da tayar gaban mota, kanikawa na kiransa boljon, musamman na sama cikin biyun da kowace tayar gaba ke da su. Saura ƙiris ya sa ni ɗaukar alhakin rai a cikin hunturun da ya wuce.

Motata tsohuwar Toyota ce mai buɗaɗɗen baya, ƙirar 1994, mai injin 22R, mai jan ƙafa huɗu, irin wadda muke ce wa mai ogzilari. Daga Amurka ta fito, ta biyo ta Kwatano, ta yi hannu biyu kafin ta zo nawa. A can ko Hilux ba sa ce mata, mu ne nan muka ɗora mata sunan. Injinta bai taɓa kunyata ni ba. Wannan ma yana cikin abin da ke ruɗar mu masu tsofaffin motoci: muddin inji yana tashi bugu ɗaya, ba ya shan baƙin mai, ba ya hayaƙi, sai mu ce mota lafiyarta ƙalau. Ƙafa kuwa ba mai leƙa ta sai ta yi kuka.

Tawa ta fara kuka wajen ƙarshen damina. Duk sanda na hau gargada ko na tsallake tudun nan da ake yi a kan titi, sai in ji ƙwal daga gaba ta hannun hagu, kamar an buga muciya a gindin tukunya. Daga baya sitiyari ya fara yawo, ina kan titin Zariya sai in ji motar tana neman layinta da kanta, sai na riƙa dawo da ita. Tayar hagu kuma ta fara cinyewa ta gefen ciki, waje yana nan da zanensa. Duk na gani, duk na ji, na yi ta cewa bari a shiga kaka a samu kuɗi.

Da ƙarar ta ishe ni sai na kai ta wani gareji. Ba zan faɗi sunansa ko unguwar ba, domin ba tonon silili ya kawo ni ba, kuma laifi tudu ne, ban isa in taka nawa in hango na wani ba. Yaron da ya duba ta ya faɗa min gaskiya tun farko. Ya ce, "Alhaji, boljon na sama ne ya mutu, sai an canza." Ya faɗi kuɗin mai kyau, na ji kamar an mare ni. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, Naira kuma ta faɗi, kowa ya san yadda kayan gyara suka koma. Ni da bakina na ce masa, "Oga, ba yadda za a lallaɓa shi ya kai ni bayan kaka?" Ya ɗan yi shiru, ya ce akwai.

Ga lallaɓawar. Ya kwance boljon, ya ɗora shi a kan wani tsohon wili, ya yi ta dukan bakin gurbin da murfin bayansa da guduma har ƙwallon da ke ciki ya daina motsi. Robar da ke rufe shi ta riga ta yage, sai ya yanko tsohon tif ɗin babur ya naɗe wurin, ya ɗaure da waya. Fin ɗin da ke kulle babban noti ya karye wajen cirewa, sai ya sa ƙusar kafinta ya lanƙwasa. Na ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, na hau mota, na bi ta cikin ramuka da gangan, shiru. Har albarka na sa masa.

Wannan shirun ne ya kusa kashe mutum.

Bayan kamar mako uku, da safe, na taso daga Kwanar Gafan da kwando 22 na tumatir. Na yi doguwar tafiyar nan ta titin Zariya, na bi baifas, ba abin da ya faru. Sai da na sauka daga kwalta na shiga wani lungu da ke ɓullewa titin Haɗeja, ina tafiya kamar mai tura baro, tayar hagu ta faɗa wani rami da ruwan kwata ya ci. Na ji ƙas. Gaban motar ya durƙusa ta hagu kamar raƙumin da aka ce wa sauka, tayar ta kwanta, sitiyari ya ƙwace daga hannuna. Na taka birki, ya nutse har ƙasa, domin tayar da ta kwanta ta fizge tiyon birki. Birkin hannu da katangar wani gida ne suka tsayar da ni. Tsakanin bambata da wata yarinya mai tallan awara da ke zaune a dakali, wallahi bai fi taku biyu ba. Farantinta ya kife, ita ko ƙwarzane ba ta yi ba. Na fito ƙafafuna suna rawa, na kasa ko yi mata sannu.

Mutane suka taru, kowa yana cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, mai kyau da marar kyau. Amma ni na san wanda ya tsaya a kan bakanike ya ce a lallaɓa. Kuma da abin ya faru minti ashirin kafin nan, ina kan babban titi tsakanin tirela da Adaidaita Sahu cike da 'yan makaranta, da ba wasiƙa ake karantawa a kaina ba yanzu. Tumatir kuwa, kafin a samo wata mota a juye, rana ta yi, kasuwa ta watse, mai kaya ya sayar da asara. Har yau bai sake kirana ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Aka jawo motar zuwa wurin wani dattijon bakanike da na daɗe da sani amma na guje shi saboda ba ya ragi kuma ba ya sauri. Baba muke ce masa. Ya tsugunna ya ɗauki boljon ɗin da ya rabu biyu, ya juya shi, ya nuna min tsagar da ta bi bakin gurbin daidai inda guduma ta sauka. Bai yi min faɗa ba. Cewa ya yi, "Malam, jawo benci ka zauna. Yau ba za ka tafi shan shayi ka bar min mota ba, da idonka za ka ga abin da kake hawa." Na zauna tun hantsi har la'asar, kuma abin da na gani shi nake so in isar wa 'yan uwana.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mahauci ranar Babbar Sallah yana raba cinyar rago ya san boljon, ko da bai san sunansa ba. Kan ƙashi ne mai santsi zaune a cikin gurbinsa, yana juyawa ta kowane gefe amma ba ya fita. Haka na mota yake: ƙwallon ƙarfe mai dogon wuya a cikin gurbi, da giris a ciki, da hular roba da ke hana datti shiga. A irin motocinmu kowace tayar gaba tana da hannu biyu da ke riƙe ta, na sama da na ƙasa, kuma a ƙarshen kowane hannu akwai boljon da ke haɗa shi da ƙarfen da taya ke zaune a kai, wanda suke ce wa nokul. Su ne ke ba taya damar hawa da sauka a rami, tana kuma juyawa dama da hagu a lokaci guda. Tsofaffin direbobin a-kori-kura, Fijo 404 da 504 irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ba su san wannan ciwon na sama ba, domin ƙirar ƙafarsu daban ce, shokozoba ce ke tsaye a madadin hannun sama.

Baba ya ce boljon ba ya mutuwa haka kawai, robar ce ke fara tafiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rana ta Kano ta gasa roba ta tsattsage, damina ta zo ruwa ya shiga ya wanke giris, hunturu ya biyo baya da ƙura. Ƙura in ta haɗu da ragowar giris sai ta zama kamar samfefa, duk juyin sitiyari tana cin ƙwallon da gurbin. Ya lakato abin da ke cikin nawa ya murza min a yatsa, na ji yashi ƙarara. Ya ce to yanzu ka gaya min, ƙarfen da yashi ya cinye, guduma za ta dawo da shi? Abin da guduma ke yi kawai ta matse bakin ya kama ƙwallon na ɗan lokaci, ƙara ta ɗauke, ƙarfen kuma ya ƙara rauni a wurin da ake buƙatar ƙarfinsa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Sai kuma abin da ban taɓa sani ba duk shekarun nan, kuma na tabbata direbobi da yawa ba su sani ba. Yawancin mutane sun ɗauka boljon na ƙasa ne kaɗai ke ɗauke da nauyin mota, na sama ɗan rakiya ne. A wasu motocin haka ne. Hilux ɗin da aka fara fitarwa wajen 2005 zuwa yau, sifirin ɗinta a kan hannun ƙasa yake zaune, haka ma tsofaffin da ba su da ogzilari. Amma irin tawa, mai jan ƙafa huɗu, ba ta da naɗaɗɗen sifirin a gaba. Wata doguwar sandar ƙarfe ce da ake kira toshan-ba take murɗewa tana aikin sifirin, kuma a jikin hannun sama aka ɗaura ta. Ke nan nauyin gaban mota, da inji da komai, ta kan boljon na sama yake bi ya sauka kan taya. Yaran da suka koyi aiki a kan sababbin motoci sukan ɗauki na saman da wasa saboda abin da suka saba gani.

Wannan nauyin kuma shi ke ɓoye ciwon. Ka sa taɓarya a turmi ka danne ta da ƙarfinka, ba za ta yi lilo ba ko da turmin ya yi mata yawa. Haka ƙwallon yake a danne cikin gurbi muddin mota tana ƙasa. Shi ya sa wanda zai zo ya kama taya ya girgiza mota tana tsaye ya ce maka lafiya lau, bai duba komai ba. Ranar da taya ta faɗa rami nauyin ya saki, ranar ce ƙwallon ke samun hanyar fita, kamar yadda nawa ya yi.

Ga yadda Baba ya duba ɗaya ɓangaren, na dama, wanda ni ban taɓa jin ƙararsa ba. Ya ɗaga motar ta jikin shasi har taya ta bar ƙasa, ya kama ta sama da ƙasa ya jijjiga, akwai motsi. Ya ce wa yaronsa ya shiga ya danne birki, ya sake jijjigawa. Ya ce in motsin ya ɓace da aka taka birki, to boris ne, wato abin da taya ke juyawa a kansa, in yana nan to a dubi boljon ko bushin, robar da ke gindin hannun. Yana nan. Sannan ya zura doguwar liba a ƙarƙashin taya yana ɗagawa yana saki, ya ce in sa ido a kan boljon ɗin. Na ga wuyan yana shiga yana fita da idona. Ya ce ai tare aka haife su, tare suka sha hanya, don me ɗaya zai tsufa ɗaya ya zauna yaro? Biyun za a canza. Wannan karon ban ce a lallaɓa ba.

Muka hau babur ɗinsa zuwa Ƙofar Ruwa. A nan ma na ga bambancin zuwa da wanda ya sani. An zube mana kala uku, kuma a ido duk ɗaya suke. Baba bai kalli kwali ba, ya ce kwali kowa na iya bugawa. Ya auna nauyin kowanne a tafin hannu, ya kama wuyan ya gwada juya shi. Sabon boljon na kirki yana da tauri, sai ka sa ƙarfi kafin ya motsa, kuma ya motsa sumul ba tare da kakarewa ba. Wanda yake lilo tun a kanti, ko wanda ya ƙame gaba ɗaya, ya ajiye shi gefe. Ya ja robar ya ga kaurinta, ya duba ko tiredin a tsaftace yake, ya tabbatar akwai sabon noti mai tsaga-tsaga a ka da sabon fin a cikin leda. A ƙarshe ya ɗauki 555 na Japan daga wurin wani mai shago da ya daɗe yana hulɗa da shi, wanda in kaya ya ba da matsala zai karɓa. Kuɗinsa ya ninka na mai arahar fiye da sau biyu. Na tambaye shi na kwance fa, irin na Beljiyam? Ya ce inji ko giya ko ƙofa, saya na kwance ba laifi. Amma boljon abu ne mai cinyewa, kuma ba ka san shekara nawa ya yi yana aiki a ƙasar da ya fito ba, ba kuma za ka iya buɗe cikinsa ka gani ba.

Aikin kansa ba shi da wuyar da ta kai yadda muke tsoronsa. Abin da ke cikinsa tsari ne da haƙuri. Ya sa duwatsu a tayoyin baya, ya sassauta notin taya tun mota tana ƙasa, ya ɗaga, sannan ya zaunar da shasin a kan ƙafafun ƙarfe. Bai yarda da jak shi kaɗai ba, bai kuma yarda da bulon siminti ba, ya ce bulo ba ya sallama kafin ya fashe. Da ya cire taya sai ya kawo ƙaramin jak ya tallafi hannun ƙasa, tallafi kawai ba ɗagawa ba, ya kuma ɗaure nokul da waya a jikin mota. Dalili shi ne da zarar an raba boljon na sama, duk wannan nauyin na nokul da faifan birki zai kifo waje, ya ja tiyon birki, ya zaro shaf, sandar da ke juya taya, daga mazauninsa. Na sha ganin ana barinsa yana reto a jikin tiyo, ban san ɓarna ake yi ba.

Ya zare fin da filaya, ya kwance babban noti amma bai cire shi duka ba, ya bar shi a ƙarshen tiredi domin in abin ya saki kada ya yi tsalle. Wuyan boljon ba miƙaƙƙe ba ne, tsukakke ne kamar bakin mazurari, haka ma ramin da yake shiga, shi ya sa yake kamawa kamar an yi masa walda. Yana da fula ta musamman da ke matse shi ya fito, da ita ya yi amfani a dama. Ya nuna min cewa in babu fula, gefen nokul ake duka daidai inda wuyan ya ratsa, a tokare ɗaya gefen da wata guduma, girgizar ce ke sakinsa. Ba a dukan kan tiredi. Ashe guduma tana da wurinta a aikin, mu ne muke kai ta inda ba nata ba.

Noti huɗu ne ke riƙe da boljon a jikin hannun sama. Ya jiƙa su da mai tun da farko saboda tsatsa, suka fito ba gardama. A nan motarmu tana da sauƙi, domin akwai motocin da nasu matse shi ake yi cikin hannun da injin matsi, wasu ma sai dai a canza hannun gaba ɗaya. Kafin ya sa sabo ya goge mazaunin tas, ya goge ramin nokul, ya zura wuyan sabon ya gwada ko yana zama daram. A ɓangaren hagu, inda aka yi ɓarin, ya daɗe yana duba ramin da fitilar waya, ya ce in ramin ya buɗe ya zama kamar ƙwai, ko boljon na zinare ka sa zai yi wasa, sai an canza nokul. Allah Ya taimake ni nawa bai buɗe ba. Bai shafa giris a wuyan ba, ya ce a bushe ake so ya kama.

Wajen ɗauri ne na ga abin da ban taɓa gani a garejin bakin titi ba. Ya shiga ɗaki ya fito da sifana mai awo a naɗe cikin tsumma kamar kayan gado. Ƙananan notin huɗu awonsu kaɗan ne, babban kuma yana son ƙarfi sosai, kowanne da adadin da masu ƙera motar suka rubuta. Mu kuwa mun saba yaro ya zura bututu a sifana ya hau kai da ƙafa har sai ya ji ƙarfe ya yi ƙara, a ce ya ɗauru. Ƙarfen da aka ja fiye da ƙima ya riga ya fara tsinkewa tun a gareji. Da ya kai awo, tsagar notin ba ta yi daidai da hudar fin ba. Na ce a ɗan sassauta mana. Ya kalle ni ya ce, "Malam, gaba ake yi, ba a baya." Ya ƙara ɗaurewa kaɗan har huda ta bayyana, ya zura sabon fin ya buɗe ƙafafunsa. Fin ɗin nan kuɗinsa bai kai na ƙullin gyaɗa ba, amma shi ke hana notin da ke riƙe da tayarka warwarewa.

Sabon boljon ɗin yana da ɗan nonon da ake ɗura giris. Ya ɗura da famfo a hankali har robar ta ɗan kumbura, ya tsaya. Ya ce masu cikawa har roba ta fashe suna ganin alheri suke yi, alhali sun buɗe wa ƙura ƙofa tun ranar farko. Ya ce duk sanda na zo juyen baƙin mai in tuna masa a ƙara, musamman bayan damina da kuma in na yi ta shiga gonakin Kadawa inda ruwa da laka suke. Ya canza tiyon birkin da ya tsinke, ya fitar da iska daga birkin, ya duba shaf, ya mayar da komai.

Na ɗauka an gama, na fara laluben aljihu. Ya ce saura biyu. Na farko ya auna tsayin gaban motar hagu da dama, ya gano wani can baya ya ɗaure toshan-ba fiye da ƙima don gaban ya ɗaga, wai ta yi kyau kuma kada ta taɓa ƙasa. Da yawa muna yin haka. Ya ce in ka ɗaga ta da yawa, hannun sama yana zama a karkace, boljon yana aiki a ƙarshen iyakarsa, robarsa tana lanƙwashe kullum, ba zai yi kwana ba. Ya sauke ta zuwa inda ya kamata. Na biyu ya tura ni alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, ya kuma ja min kunne cewa ba irin wanda za a ja igiya a murɗa tayarod kawai a sallame ni ba. Kwanciyar taya ciki ko waje ita ma ana saita ta, kuma a irin motata a jikin kusoshin hannun ƙasa ake yin saitin. In ba a yi ba, sabuwar tayar da na saya za ta bi sawun tsohuwar cikin 'yan watanni.

Malam Edita, in aka haɗa abin da na kashe, da kuɗin jan mota, da tiyo, da taya, da gyaran katangar mutane, da kwana shida ba aiki a tsakiyar kaka, da mai kayan da na rasa, ya ninka kuɗin boljon biyu na kirki sau da yawa. Amma ba lissafin kuɗin ne ke hana ni barci ba, dakalin nan ne.

Ga 'yan uwana direbobi, musamman masu tsofaffin motocin lodi da ke cika Yankaba da Dawanau da 'Yan Lemo, maganata ita ce mu daina matsa wa kanikawa su yi abin da su da kansu sun san ba daidai ba ne. Akwai inda lallaɓawa take da wuri. Gilashin ƙofa ya ƙi hawa, sa masa katako. Kujera ta yage, shimfiɗa buhu. Amma abin da ke riƙe da taya da birki da sitiyari, in babu kuɗin gyara, a ajiye motar a nemo bashi. Na san nauyin wannan maganar ga mai iyali da ke cin abinci daga juyin taya, ni ma shi ne. Kuma mu rage lodin da ya fi ƙarfin mota, domin ba bayanta kaɗai ke jin jiki ba.

Ga kanikawa kuma, na san yaron nan da ya yi min aikin guduma ya ji tsoron in ya ƙi, zan wuce garejin gaba a yi min, ya rasa ni ya rasa kuɗin. Gaskiyarsa ce, da haka zan yi. Shi ya sa abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Shugabannin ƙungiyarsu ta NATA da iyayen gida a garejoji su ne za su iya haɗa baki a ce daga yau ba a dukan boljon, ba a yi masa walda, ba a sa ƙusa a madadin fin, duk garejin da ka je amsa ɗaya za ka samu. In kowa ya ƙi, mu direbobi za mu haƙura mu saya. Kuma a riƙa nuna wa yara bambancin ƙafar mota da mota tun suna koyo, kada wanda ya saba da sabuwa ya auna tsohuwa da ita. Jami'an da ke duba lafiyar motoci su ma, bayan takardu da fitila da abin kashe gobara, da za a samu wurin da ake ɗaga tsohuwar motar haya a girgiza ƙafarta ko sau ɗaya a shekara, da ni ne farkon kai tawa.

Na koma lungun bayan kwana biyu na nemi gidan su yarinyar, na biya kuɗin awarar, na ba mahaifinta haƙuri. Ya ce ba komai, Allah Ya tsare gaba, har ruwa ya sa aka kawo min. Ban iya gaya masa zancen gudumar ba.

Tsohon boljon ɗin yana nan a aljihun motata, gida biyu, da ƙusar kafintan a lanƙwashe. In kuna son hotonsa don masu karatu su ga tsagar, ku sanar a wannan shafin, zan biyo da shi ofishinku ranar da ba ni da lodi.

Wassalam.

Naku,
Wani direban kayan gwari,
Yankaba, Kano.